Girman Kai da Neman Shugabanci: Tarihin Kiristoci a Fagge da Sabon Garin Kano Bisa Mizanin Littafi Mai Tsarki

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa Sabon Garin Kano ran Lahadi da hantsi zai ji waƙoƙin ibada suna tashi daga majami'u iri-iri, waɗansu manyan gine-gine ne, waɗansu kuwa ɗaki guda ne da rufin kwano. In ya tsallaka hanya ya shiga Fagge, sai ya tarar da masallatai da makarantun allo da kantunan yadi. Unguwannin nan biyu sun haura shekara 100 suna maƙwabtaka. Sun ci kasuwa tare, sun kuma sha zubar da jinin juna. An yi rubuce-rubuce da dama a kan zamansu ta fuskar siyasa da ciniki da ƙabilanci. Abin da ba a cika dubawa ba shi ne halin shugabannin addinin Kirista waɗanda suka nufo Kano, da yadda kowannensu ya shigo ta.

Wannan lacca za ta ɗauki mizani guda wanda Kiristoci da kansu suka samo daga Littafi Mai Tsarki, watau hukuncin da ya yanke wa girman kai da tallar kai wajen neman shugabanci, sa'an nan ta auna tarihin nan da shi. Da yake mizanin nasu ne, ba wanda zai ce an auna masa hatsi da mudun wani. Abin da awon zai nuna shi ne, waɗanda suka shigo Kano da tambari da kakaki ba su daɗe a cikinta ba, alhali kuwa ikkilisiyar da ta yi saiwa ta kafu ne a hannun mutanen da tarihi bai ko riƙe sunayen mafi yawansu ba.

Mizanin

Cikin dukan labaran Tsohon Alkawari babu wanda ya zana hoton mai tallar kansa kamar labarin Absalom ɗan Dawuda, wanda ke cikin littafi na biyu na Sama'ila. Absalom ya samo wa kansa karusa da dawaki, da zagage 50 masu gudu a gabansa. Kullum da sassafe sai ya tsaya a bakin ƙofar birni ya tari masu kawo ƙara wurin sarki, ya saurare su, ya nuna musu cewa gaskiya tasu ce, amma sarki bai sa kowa ya ji kukansu ba, da a ce shi ne alƙali da an share musu hawaye. In mutum ya zo zai faɗi ya yi gaisuwa, sai ya hana shi, ya kama hannunsa ya rungume shi. Da haka ya janye zukatan jama'a daga mahaifinsa, har ya sa aka busa masa ƙaho a Hebron aka kira shi sarki. Ƙarshen al'amarin yaƙin basasa ne a dajin Ifraimu, inda littafin ya ce mutum 20,000 suka hallaka. Absalom kansa ya mutu a rataye jikin itace, bayan ya riga ya gina wa kansa ginshiƙin tunawa tun yana da rai.

Ƙanensa Adonija bai ɗauki darasi ba. Tun Dawuda yana kwance bai cika ba, sai ya nemi karusai da zagage 50 shi ma, ya yi yanka, ya kira biki, ya naɗa kansa. Sarautar kuwa ta koma hannun Sulemanu. Tun gabanin su duka, a littafin Mahukunta, akwai Abimelek ɗan Gidiyon, wanda ya karkashe 'yan'uwansa don ya yi sarauta a Shekem. Yotam, wanda shi kaɗai ya tsira, ya buga wa mutanen garin misali da itatuwa masu neman sarki: zaitun ya ƙi, ɓaure ya ƙi, kurangar inabi ta ƙi, domin kowannensu yana da 'ya'yan da yake bayarwa, sai ƙaya ce ta karɓa da rawar jiki.

Sabon Alkawari ya ɗora a kan wannan. Sa'ad da 'ya'yan Zabadi, Yakubu da Yahaya, suka roƙi Yesu Almasihu kujerun dama da hagu, sauran almajirai goma suka fusata, shi kuwa ya koya musu cewa girma a cikinsu bauta ce, ya kuma nuna haka a aikace ranar da ya wanke musu ƙafafu. Wasiƙar Yahaya ta uku ta ambaci wani Diyotarifis, shugaban wata ikkilisiya, wanda son zama na gaba ya kai shi ga korar 'yan'uwa. Amma kada a ɗauka Littafin ya haramta himma. Bulus ya rubuta wa Timoti cewa sha'awar aikin kula da ikkilisiya abu ne mai kyau, sai dai ya yi kashedi kada a ɗora sabon tuba, don kada kansa ya kumbura.

Daga waɗannan labarai ana iya fitar da alamomi uku. Na farko, mai girman kai shi ke kiran kansa, ba ya jira a kira shi, ba ya kuma jin shawarar wanda ya riga shi sanin wuri. Na biyu, zagage da ƙaho suna riga aikinsa isa. Na uku, in abin ya ɓaci, mabiya da 'yan kallo ne ke biyan diyya. Tilas a ƙara da cewa abin da ke cikin zuciya Allah kaɗai ya san shi. Iyakar mai nazarin tarihi ita ce ya dubi hanyar da mutum ya bi da abin da ta haifar.

Anaca da Lakwaja, 1890

Labarin Kano ya faro ne daga bakin Kwara. Samuel Ajayi Crowther, Bayarabe wanda aka kama bawa yana yaro aka 'yanta shi aka kai shi Saliyo, shi ne baƙar fata na farko da cocin Anglican ya naɗa Bishop, a shekarar 1864. Ya shafe shekaru yana shugabancin aikin ƙungiyar C.M.S. a kogin Kwara. Hanyarsa ita ce ya je gaban sarki da gaisuwa, ya nemi izini, ya yi haƙuri. Ta haka ya sami fahimtar juna da Etsu Nupe Masaba a Bida, har aka bar mutanensa suka zauna a Lakwaja da kewayenta.

A 1890 sai waɗansu samarin Turawa suka iso da niyyar kai bishara ƙasar Hausa, a ƙarƙashin Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson. Mutane ne masu ƙwazo da sadaukar da kai, har suka riƙa sa babbar riga da rawani don su yi kama da Hausawa. Amma sun zo da tabbacin cewa sun fi waɗanda suka tarar tsarki da sanin aiki. A taron da aka yi a Anaca cikin watan Agusta na shekarar, suka tuhumi ma'aikatan Crowther baƙaƙe, suka dakatar da waɗansu a gaban idonsa, har da ɗansa Dandeson. Dattijon da ya haura shekara 80 ya ga yaran da ya isa ya yi jika da su suna rushe abin da ya gina. Ya rasu ran 31 ga Disamba 1891. Robinson ya riga shi rasuwa a Lakwaja a wannan shekara, Brooke kuma ya bi su a 1892, ba wanda ya taka Kano a cikinsu. Aka shafe wajen shekara 60 kafin a sake ba ɗan Nijeriya cikakken ikon wani yanki a matsayin Bishop na Anglican. A 2014, wajen bikin cika shekara 150 da naɗin Crowther, Babban Bishop na Kantabari Justin Welby ya fito fili ya nuna nadamar cocinsa a kan abin da aka yi masa. Hausawa sun ce girman kai rawanin tsiya. Rawanin da samarin nan suka naɗa bai hana su sa wancan ba.

Fadar Sarki Alu, 1900

Wanda ya gāji burin shiga ƙasar Hausa shi ne Bishop Herbert Tugwell. A farkon 1900 ya taso daga Ikko da abokan tafiya huɗu, cikinsu har da Walter Miller, wanda Zazzagawa suka sani da Likita Mila, wanda kuma ya fara koyon Hausa a Tarabulus. Ran 1 ga Janairu na shekarar ne Lugga ya yi shelar mulkin Ingila a Lakwaja, amma a lokacin bai mallaki Kano ba, ba shi kuma da ikon kare kowa a cikinta.

A Zariya Sarki Kwasau ya karɓe su da kyau. Da sun bi hanyar Crowther, da sun tsaya nan sun aika Kano sun jira amsa. Amma Kano ce birnin da sunansa ya kai Turai, ita ce kuma za ta yi armashi a rahoton da za a karanta wa masu ba da gudummawa a Ingila. Sai suka wuce da ayarinsu, ba tare da Sarkin Kano ya kira su ba.

Ya kamata a lura cewa Kano ba ta ƙin baƙo. Clapperton ya sauka a cikinta a 1824, Barth a 1851, Charles Robinson, ɗan'uwan wancan John ɗin, a ƙarshen 1894. Amma a 1900 zamani ya sake. Sarki Aliyu Babba ya hau gado ne ta hanyar yaƙin basasa, ya kuma ji abin da sojan kamfanin Turawa suka yi wa Bida da Ilori a 1897. Duk Baturen da ya doso da dogon ayari, ba mamaki a ɗauke shi ɗan leƙen asirin masu zuwa a baya. Bisa ga abin da Mila ya rubuta, sun gabatar wa Sarki da niyyarsu ta buɗe makaranta da yin magani, shi kuwa ya ƙi duka biyun, ya nuna cewa Alƙur'ani ya wadatar da jama'arsa, ya ba su kwana uku su shirya, da jakuna 100 da za su mai da kayansu Zariya.

Suka koma suka zauna a Girku, inda ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu. Hasarar ba ta tsaya nan ba. Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin cewa gwamnati ba za ta taɓa addininsu ba, masu mulkin da suka biyo bayansa kuma suka riƙa kafa hujja da irin abin da ya faru a fadar Alu don hana 'yan mishan shiga biranen Musulmi. Tafiyar da aka yi don a buɗe ƙofa ita ce ta taimaka wajen datse ta shekaru da yawa. Shi kuwa Mila ya koyi darasi. A 1905 aka yarda masa ya zauna cikin birnin Zariya, ya yi magani, ya koyar, ya duƙufa a kan harshe, har aikin ya koma Wusasa a 1929. Littafi Mai Tsarki cikakke da aka buga da Hausa a 1932, wanda yake da babban hannu a fassararsa, amfanin wannan dogon zama ne.

Waɗanda suka zo a jirgin ƙasa

Addinin Kirista ya shigo Kano daga bisani, amma ta hanyar da babu wani Bishop da ya tsara ta. Dogo ya iso Kano a 1911. Tare da shi akawuna suka zo, da ma'aikatan reluwe, da kafintoci da teloli da ƙananan 'yan kasuwa, daga ƙasar Yarabawa da Saliyo da Gwalkwas, daga baya kuma da Ibo masu yawa. Fagge tsohon zango ne a bayan ganuwa inda ayarin Azbinawa da sauran fatake ke sauka, saboda haka ta ci gaba da karɓar baƙi Musulmi. Waɗanda ba su shiga wannan tsari ba, sai Turawa suka yanka musu Sabon Gari wajen 1913, aka riƙe shi dabam da mulkin Sarki har 1940, sa'ad da aka mai da shi ƙarƙashin En'e.

Mutanen nan neman abinci ya kawo su. Ran Lahadi sukan taru a ɗakin ɗaya daga cikinsu, wanda ya iya karatu ya karanta, a yi waƙa, a tara kwabo da sisi. Da haka aka tashi rumfa, rumfa ta zama ginin ƙasa, aka buɗe makaranta a gefe, sa'an nan aka aika kudu a roƙi a turo malami ko fasto. Watau a nan jama'a ce ta riga shugaba zuwa, ita ce kuma ta kira shi.

Haka kuma ƙungiyar S.I.M., wadda ta haifi cocin E.C.W.A. a 1954, ta sami gindin zama a Kano ta hanyar hidima. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero ta karɓi aikin kula da kutare tare da En'e, a 1943 kuma ta buɗe asibitin ido, wanda marasa lafiya, mafi yawansu Musulmi, suka riƙa nufowa daga ko'ina cikin Arewa da ƙasashen maƙwabta. Gaskiya ne cewa a lokacin mulki yana hannun Turawa, don haka ba za a ce tawali'u kaɗai ne ya buɗe ƙofar ba. Duk da haka abin lura ne cewa maganin da aka ƙi karɓa a 1900 daga hannun wanda ya shigo ba sallama, an karɓe shi bayan shekara 43 daga hannun waɗanda suka nemi yardar masu gari.

Cutar ba ta Turawa kaɗai ba ce

Yawan majami'un Sabon Gari yana da dalilai masu yawa: bambancin harshe, da na garin asali, da na koyarwa. Amma a cikinsu akwai rigimar shugabanci, wadda jirgin ƙasa ya ɗauko daga kudu tare da fasinjojinsa. A 1901 jama'a masu yawa suka fice daga cocin Breadfruit na Ikko, saboda yadda aka raba su da James Johnson a zamanin shi wannan Tugwell ɗin, suka kafa cocin 'yan Afirka mai zaman kansa. Wannan tawaye ne ga girman kan baƙi. Sai dai waɗanda suka 'yantu ba su tsira daga cutar ba. Ƙungiyar Kerubim da Serafim, wadda Moses Orimolade da Abiodun Akinsowon suka kafa a Ikko a 1925, ta tsage a 1929 a kan wane ne zai ja gaba, daga nan kuma rassa suka yi ta tsagewa, kowane da nasa shugaba da nasa laƙabi. Irin wannan tsagewa ta zama ruwan dare a majami'u masu zaman kansu har yau: mataimaki ya ga ya isa, ya ja rabin jama'a, ya kama shago a layi na gaba, ya kafa allo mai ɗauke da hotonsa. Labarin Diyotarifis bai tsufa ba.

Oktoba 1991

Kafin 1991 iyakar Fagge da Sabon Gari ta riga ta zama miki. An gwabza a nan cikin Mayu 1953, an yi kashe-kashen 1966, sa'an nan a Oktoba 1982 rigima ta tashi a kan sake gina wani cocin Anglican a Fagge kusa da masallaci, aka ƙona majami'u. Mazauna wurin, Musulmi da Kirista, sun san inda ake taka ƙafa a hankali.

A cikin wannan hali ne reshen Kano na ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya ya gayyato Reinhard Bonnke, Bajamushe mai wa'azi wanda ya yi suna wajen tara dubban ɗaruruwan mutane a biranen Afirka. Tallar taron ta riga shi isowa: aka lilliƙa takardu a bangaye, aka yi ta shela da alkawarin warkar da makafi da guragu, aka kuma yi amfani da kalmomin da Musulmi suka fassara da cewa an zo cin garinsu ne. Daɗin daɗawa, ana ƙorafin cewa gwamnati ta hana Ahmed Deedat na Afirka ta Kudu irin wannan dama. Ran 14 ga Oktoba zanga-zanga ta taso daga cikin birni ta nufi Sabon Gari, ta rikiɗe ta zama kisa da ƙone-ƙone daga ɓangarorin biyu. Ƙiyasin waɗanda suka mutu ya kai ɗaruruwa. Aka fitar da Bonnke ta jirgin sama bai yi wa'azin ba, bai kuma sake dawowa Nijeriya ba sai 1999. Ya rasu a 2019.

A nan wajibi ne a yi adalci. Alhakin jini yana wuyan wanda ya ɗauki makami, ko wane ne shi, tsarin mulkin ƙasa kuwa ya ba kowa 'yancin yin wa'azin addininsa. Babu takardar talla da ta halatta kisan rai guda. Amma mizanin da aka ɗauko tun farko yana yi wa shugaban Kirista tambayar da ta wuce ta doka: shin an auna abin da zagage da ƙaho za su jawo wa mutanen da za su kwana a garin bayan baƙo ya tafi? Mai wa'azi ya tashi a jirgi, kamar yadda Tugwell ya juya da jakuna. Mai shagon kayan gyara a Sabon Gari da mai tireda a Fagge, waɗanda ba a yi shawara da su ba, su ne suka binne 'ya'yansu.

Kammalawa

Wannan mizani ba baƙo ba ne ga Musulmin Kano. Sun san abin da ya fitar da Iblis daga rahama, sun san ƙarshen Fir'auna da Ƙaruna, sun kuma san hanin da aka yi a kan roƙon mulki. A nan Kano ne, wajen 1807, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya tsaya bayan ya bar rundunar jihadi don ƙyamar son duniya da neman muƙami da ya gani a cikin waɗansu abokan tafiya, a nan ne kuma ya rubuta Liya'ul Hukkami don shiryar da masu mulki. Ashe Fagge da Sabon Gari, duk da saɓanin da ke tsakaninsu, suna da abin da suka yi tarayya a kansa.

Ga ɗalibi mai shirin kama aiki, da ma'aikacin da ke riƙe da ofis, labarin Absalom ya fi kowane kusa. Kowace ma'aikata tana da bakin ƙofa, inda mai neman haƙƙinsa ke tsayawa, inda kuma ƙaramin jami'i zai iya raɗa masa cewa na sama ba ya ji, sai dai in an ɗora shi a wurin. Tarihin da aka bi ya nuna abin da irin wannan hanya ke haifarwa, ya kuma nuna ɗaya hanyar. Tugwell kwanaki ƙalilan ya yi a Kano, Bonnke ma haka. Majami'un da akawuna da kafintoci suka fara a ɗakunansu suna nan a Sabon Gari, asibitin ido kuma yana karɓar marasa lafiya tun 1943.